Rasuwar Baba Kafinta na Tudun Wada: Da Sojansa Za a Fara Ko da Zartonsa?

Jikan marigayi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau kwana tara ke nan da muka kai kakanmu makwancinsa, wato dattijon nan da Tudun Wadan Zariya ta fi sani da Baba Kafinta. A madadin iyalinsa ina godiya ga waɗanda suka tako da ƙafarsu, da waɗanda suka bugo waya, da waɗanda suka yi masa addu'a daga inda suke. Allah ya bar zumunci. Iyayenmu sun ɗora mini nauyin rubuta tarihinsa saboda jikoki da tattaɓa-kunnen da ba su riske shi da ƙarfinsa ba, to da na zauna da takarda sai na ga abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba. Na san ya je yaƙin Burma, wanda shi yake ce wa yaƙin Bama, kuma na san ya riƙe zarto tun kafin a haifi mahaifina. Niyyata ita ce in ba sojansa kaso mafi tsoka, domin a ganina nan ne abin alfaharin yake. Duk wanda ya san wani abu game da shi, ko game da zamaninsa, ina roƙo ya taimaka mini.

Maƙwabcinsu na layin masallaci:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Ɗana, kafin ka rubuta komai ka fara daidaita maganar shekarunsa, domin a wajen zaman makoki na ji mai cewa 120, na ji mai cewa 115, kuma duk ƙauna ce ta sa ake ƙarin gishiri. Ni da kunnena na ji shi yana cewa a shekarar da ya fara kai azumi cikakke aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. An yi wannan naɗi a 1938, saboda haka idan yana da shekara 14 ko 15 a lokacin, haihuwarsa ba za ta wuce 1923 ko 1924 ba. Ke nan ya ɗan haura ɗari a lissafin Turawa, a lissafin Hijira kuwa sai a ƙara masa kamar shekara uku. Wannan ma ba ƙaramar baiwa ba ce, ba ta bukatar a yi mata ado.

Malamin tarihi a sakandare:
Allah ya gafarta masa. Malam, ko ka taɓa jin ya ambaci sunayen wuraren da suka bi? Ina tambaya ne saboda runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta je Burma, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a 1943, kuma da sunan gari guda ana iya gane wadda mutum ya kasance a ciki.

Jikan marigayi:
Malam, akwai abin da ba na mantawa. Duk lokacin da aka ambaci barikin Dalet na Kaduna sai ya yi murmushi ya ce su sun ga Dalet ta ainihi, kuma ba gari ba ne na a zo a gani. Yana kuma ambaton wani wuri Tamandu.

Malamin tarihi a sakandare:
To, magana ta fito. Waɗannan wurare ne da runduna ta 82 ta bi a yankin Arakan, a gaɓar yammacin Burma. Ta tashi zuwa Indiya a 1944, ta shiga fagen daga a ƙarshen shekarar, ta gangara ta kogin Kalapanzin, sannan a watan Janairun 1945 ita da ta 81 suka karɓe Myohaung daga hannun Japan. Daga nan ta nausa kudu ta wajen Dalet da Tamandu da An da Letmauk. Duk wanda ya san barikokin ƙasar nan zai ga sunayen ba baƙi ba ne: Kalapanzin da Dalet suna Kaduna, Letmauk tana Ibadan, Myohaung da An da Arakan da Tamandu suna Legas. Mu nan Zariya muna da Chindit, wanda ya samo suna daga rundunar Janar Wingate da aka riƙa saukewa a bayan abokan gaba a 1944, kuma akwai bataliyoyin Nijeriya uku a cikinta. Muna wuce allunan nan kullum a mota, ɗalibaina ma da yawa suna zaton sunayen wasu Turawa ne.

Abin da ya sa Turawa suka kwashi mutanenmu zuwa can bai rasa nasaba da yanayin ƙasar. Arakan tsaunuka ne da kurmi da koguna, babu hanyar mota, saboda haka aka dogara da 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, abinci da harsashi kuma jirgin sama ne yake sako su da laima. Kowane kogi sai an yi masa gada ko kwalekwale, kowane zango sai an sare gora an kafa rumfa. Idan Baba ya fito da sana'ar katako daga can, to ba abin mamaki ba ne. Yaƙi ya ƙare da Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, amma mutanenmu ba su samu jirgin dawowa ba sai a cikin 1946. Wani abin da ya kamata ka sa a rubutunka shi ne, Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939 tana cikin abin da sojoji ke jin labarin gida da shi.

Wani ɗalibin jami'a:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ina neman afuwar iyaye da ke wannan zaure, amma akwai tambayar da ta daɗe tana cina. Wannan rundunar sojan Afirka ta Yamma da ake yaba wa, wadda ta 81 da ta 82 suka fito daga cikinta, ai ita ce dai Gwamna Lugga ya kafa, ita ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, ita ta ƙone Satiru a 1906. Shekara 40 bayan haka sai ga jikokin waɗanda aka ci da yaƙi suna mutuwa a kurmin da ba su san sunansa ba, domin kare mulkin wanda ya ci su. Mene ne tsakaninmu da Japan? Ban ga inda alfahari ya shigo ba, kuma ina ganin a rubuta gaskiya ya fi a rubuta yabo.

Tsohon samanja mai ritaya:
Yaro, tambayarka tana da tushe, amma ka zaɓi lokacin da bai dace ba, ƙasar kabarin mutumin nan ko bushewa ba ta yi ba. Kuma ka sani soja ba ya zaɓen yaƙi. Na yi shekara 31 a cikin kaki, ban taɓa ganin ranar da aka tara mu a fareti aka tambaye mu ko mun yarda da dalilin tafiya ba. Abin da ake auna soja da shi shi ne ko ya tsaya wa na kusa da shi ranar da wuta ta buɗe. Duk ranar 15 ga Janairu, idan mun taru domin tunawa da mazan jiya, Baba ne muke sa wa kujera a gaba, har ƙafa ta gagare shi.

Autar marigayi:
Samanja, a bar yaron, bai yi laifi ba, domin abin da ya faɗa bai kai abin da Baba da kansa yake faɗa ba. Ni ce na yi jinyarsa shekara 11, kuma na ji abin da 'ya'yansa maza ba su ji ba. Bai shiga soja don son Sarkin Ingila ba. Ya ce a shekarar dagaci yana zagayawa gida gida da umurnin hakimi, ana neman samari, wasu a kai su Jos aikin tilas na haƙar kuza, wasu a kai su bariki. Gidansu samari biyu ne, shi da wansa, wan kuwa bai daɗe da aure ba, matarsa tana da tsohon ciki. Shi ne ya miƙe ya ce a rubuta shi. Iyakar jarumtar da ya taɓa yarda ya yi ke nan, kuma ko ita sai da tsufa ya kama shi ya faɗa mini.

Game da yaƙin kansa, abin da yake ambato shi ne ruwan sama wanda ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga har cikin takalmi, da zazzaɓi da atini waɗanda ya ce sun fi bindiga cin mutane a kamfaninsu. Bai taɓa gaya wa kowa ya harbi mutum ko bai harba ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mahaifiyarmu ta ce a farkon aurensu, idan ruwa ya sauko da ƙarfi cikin dare, sai ya tashi ya zauna a bakin ƙofa har asuba. Saboda haka, ɗana, kai mai rubutu, ka yi hattara da kalmar alfahari. Lambobinsa suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, sau ɗaya a shekara yake fito da su. Zartonsa kuwa a rataye yake inda idonsa zai riƙa kai wa gare shi.

Ɗan zango daga Ankara, ƙasar Gana:
Gwaggo, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma jikan sojan Burma ne, domin bataliyoyin Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, suna cikin rundunonin nan biyu, kuma Hausawan zango da 'yan arewacin Gana sun cika su. Abin da ya fi ci wa tsofaffinmu rai ba yaƙin ba ne, dawowar ce. An yi musu alkawarin aiki da kuɗin sallama, suka dawo suka tarar da tsadar kaya, kuɗin da aka ba baƙin soja kuma bai kama ƙafar na Bature mai irin muƙaminsa ba. A ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai kuka fadar Gwamna a Osu, aka tare su a mararraba aka harbe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin Gana a 1957. Ɗalibin da ya yi tambaya ya ƙara wannan a lissafinsa, domin mutanen da ya ce sun kare mulkin Turawa suna cikin waɗanda suka fara girgiza shi.

Tsohon yaron shagonsa:
Na yi shiru ne ina karantawa, har na ga ana neman a binne maigidana a Burma, alhali a Tudun Wada ya rayu. Sojansa duka duka shekara huɗu ne. Katako kuwa ya riƙe shi fiye da shekara 60, kuma ni na zauna a gabansa 14 daga ciki, tun ina ɗan shekara 12 da mahaifina ya kama hannuna ya damƙa masa.

Ya kamata matasa su san cewa a da kafinta ba sana'ar Bahaushe ba ce. Abin da muka gada sassaƙa ce, ta masu gizago, waɗanda ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar tsuguno da ƙotar fartanya daga gungume guda. Ɗaki kuma da azara ake rufa shi, magina ne ke da wannan aiki. Aikin zarto da ƙusa da awo ya zo ne tare da jirgin ƙasa da gine-ginen gwamnati, kuma yawancin masu yin sa a Sabon Gari mutanen kudu ne. Da Baba ya dawo da ɗan abin da ya koya wajen kafa gada da rumfa, bai ɗauki kansa gwani ba. Ya je ya durƙusa wa wani kafinta Inyamuri, shi da ya ga Bombay ya ga teku, ya yi masa yaron shago shekara uku kafin ya sayi kayan aikinsa da ragowar kuɗin sallama. Daga nan ya yi wa En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, aikin bencin makaranta da tagogi, da rufin kwano ya yawaita kuma sai ya zama duk wanda zai yi gini a unguwa shi yake jira.

Hanyar koyarwarsa tana da wuya. Wata shida na yi ban taɓa zarto ba, aikina shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi da guduma da share ƙurar katako. Bayan haka ya koya mini wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya, sai da na iya sannan ya bar ni na yanka. Yana gane itace da ƙanshi ko da idonsa a rufe: maɗaci na ƙyaure da gado, madobiya ta kujerar da za a gada, kawo na dokin ƙofa, ƙirya kuwa ya ce a bar wa masu turmi domin tana cin bakin ƙarfe. Ba ya taɓa aiki da ɗanyen katako. Yakan jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani har ya sha iskar hunturu guda, domin ya ce katakon da bai ga hunturu ba zai buɗe baki a ɗakin amarya ya tona wa kafinta asiri. Haɗin gado da tebur kuma fafe rami yake yi ya zura harshen ɗaya katakon a ciki, ƙusa sai inda ba makawa.

Halinsa ɗaya da ya hana shi tara dukiya, kuma ba zan ɓoye ba tun da an ce a faɗi gaskiya, shi ne taurin kai. Idan mai aiki ya kawo katakon da bai yi masa ba, sai ya ce a kai wa wani, ko da kuwa babu cefane a gida. Yana da faɗa, ya sha jefa mini tsumma a fuska saboda awo ya kauce da kaurin farce. Amma bai taɓa karɓar kafin alƙalami ya ci ya bar mutum yana sintiri ba, wanda shi ne abin da ya ɓata mana suna a yau.

Akwai kuma maganar 1966. Da rikici ya tashi, tsohon maigidansa na Sabon Gari ya gudu da iyalinsa, ya bar shago a buɗe. Baba ya je da amalanke cikin dare ya kwashe kayan aikin, ya shafe su da mai, ya naɗe a buhu ya ajiye a rumbu. Da aka fara yaƙin basasa a 1967 aka nemi tsofaffin sojoji su koma, abokansa da dama sun koma, shi ya ce ya ga iyakar abin da zai gani. Bayan 1970 ɗan mutumin ya zo neman abin da ya saura, Baba ya fito masa da buhun, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Ina tsaye a wurin aka kwance shi.

Hajiya, tsohuwar shugabar makarantar firamare:
Allah ya jiƙan Baba. Ni shaidata a kan gado ce. Wanda ya yi mini na aure a 1974 yana nan, na haifi 'ya'ya takwas a kansa, gara ba ta taɓa shi ba, yanzu jikata ke kwana a kai. Kabad ɗin zamani da aka yi wa 'yata bara waccan kuwa, damina biyu ya gani ya kumbura, ƙofarsa ta zube. Sannan a rubuta cewa yana cikin mutanen farko a layinsu da suka sa 'ya'ya mata a boko, lokacin da ake yi wa mai yin haka kallon wanda ya saki hanya. Idan benci ya karye a makarantarmu, da kansa yake zuwa ranar Asabar ya gyara, bai taɓa kawo mana takardar kuɗi ba.

Wani kafinta matashi:
Hajiya, a yi mana adalci kaɗan. Katakon da su Baba suka samu ba shi muke samu ba. Madobiya an kwashe ta zuwa Sin, musamman daga dazukan Taraba, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Maɗaci mai kauri sai an tona. Abin da ke kasuwa malaina ce da allon garin katako da aka matse da gam, mai saye kuma yana son kayan ɗaki cikin mako biyu a kan kuɗin da ba zai sayi busasshen katako ba. Wanda ya ce zai jira hunturu, kafin hunturun ya zo an kai aikin wani shago.

Tsohon yaron shagonsa:
Gaskiyarka game da katako, ɗana, ban musa ba. Amma malaina ma tana bushewa idan an jera ta, kuma awo ba ya bukatar madobiya. Ka zo shagona ranar Alhamis in nuna maka haɗin da nake magana.

Ɗalibin jami'a:
Gwaggo, na gode da ba ki ɗauki maganata da zafi ba, Samanja kuma ina neman gafara game da lokaci. Ra'ayina a kan Turawa yana nan yadda yake, amma na fahimci na ɗora wa mutum ɗaya nauyin da ba shi ya ɗaura ba. Idan ana bukatar mai ɗaukar muryoyin dattawan nan a waya ya mayar da su rubutu, ina da hutu har ƙarshen wata.

Jikan marigayi:
Jama'a, Allah ya saka da alheri. Daren jiya ni da Gwaggo muka buɗe akwatin ƙarfen. Akwai littafin sallamarsa na soja wanda ya nuna 1946, kamar yadda Malam ya ce, da lambobi uku, ɗaya mai siffar tauraro wadda Samanja ya tabbatar mini ita ce ta Burma. A ƙarƙashinsu kuma akwai littattafan awo guda bakwai, duk da ajami, kowane aiki da sunan mai shi da abin da ya biya. Shafuka da yawa an ja layi a kan bashin an rubuta "na yafe" a gefe. Ba na iya karanta ajami sosai, saboda haka zan kai wa limamin layinmu mu bi su tare.

Na sauya tsarin rubutun. Burma za ta samu babi guda, kuma da maganar Gwaggo zan buɗe shi. Kawu, kai da ka zauna a gabansa shekara 14, iyayenmu sun amince kayan aikinsa su koma hannunka, sai dai zarton da ke rataye, Gwaggo ta ce a bar mata shi a inda yake. Akwai kuma ragowar maɗaci guda tara da ya jera a bayan gida tun kafin ƙafarsa ta kwanta, muna so a yi wa makarantar Islamiyyar layinmu benci da su. Ɗan'uwa ɗalibi, mu haɗu ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gida, za mu fara da Hajiya domin ta ce za ta yi tafiya.

Tsohon yaron shagonsa:
Na karɓa, Allah ya ba ni ikon riƙe amana. Kada kowa ya taɓa katakon nan sai na zo na duba shi, domin tara ba za su ba da fiye da benci huɗu ba idan za a yi su yadda yake yi. Kafinta matashin nan ya zo da tef ɗinsa, tare za mu yi.